NGURU DA GASHUWA: GARI NA GIRMA, HUKUMA NA JAN ƘAFA

Duk wanda ya ɗauki hanyar mota daga Nguru, ya ratsa ta Jajimaji ya gangara Gashuwa, ba ya bukatar a gaya masa cewa garuruwan nan biyu na arewacin Jihar Yobe suna bunƙasa. Filayen da a da ake shuka gero yanzu sun zama unguwanni, kasuwanni sun cika sun batse har bakin titi, kuma makarantun firamare sun yi wa yara kaɗan. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna mutane sama da 150,000 a Ƙaramar Hukumar Nguru, da kimanin 140,000 a ta Bade wadda hedkwatarta ke Gashuwa, ga shi kuwa shekaru sun ja tun daga lokacin. Abin tambaya a nan shi ne, shin hukumar da ta fi kusa da talaka tana da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi?

JIRGI DA KOGI

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san abin da ya raya garuruwan. Nguru tsohon gari ne, domin nan ne mazaunin Galadiman Barno, wanda Mai ya ɗora wa tsaron yammacin daula. Amma abin da ya sāke mata kama shi ne jirgin ƙasa. A 1930 layin dogo daga Kano ya iso, ya kuma tsaya a nan, sai Nguru ta zama mashigar amfanin ƙasar Barno ta yamma da na kudancin Nijar. Gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da busasshen nama da shanu duk a nan ake loda su zuwa Kano da Ikko. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, fatake da 'yan koli suka biyo baya, Hausawa da Yarbawa da Ibo suka zo suka zauna tare da Mangawa da Barebari. Sunayen unguwanni kamar Hausari da Bulabulin da Tsohon Nguru sun isa shaida.

Gashuwa kuwa 'yar kogi ce. A kusa da ita ne ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su zama kogin Yobe, wanda ke tafiya har Tafkin Chadi. Gogaram ce tsohuwar fadar Mai Bade, amma a zamanin Turawa aka dawo da sarauta Gashuwa, sai kasuwa da mulki suka haɗu wuri guda. Badawa masunta ne, manoman shinkafa ne, har yau kuma ana tunawa da bikin kamun kifi na Gogaram.

DAGA EN'E ZUWA ƘARAMAR HUKUMA

Dattawa za su tuna lokacin En'e, sa'ad da haraji da jangali ke shiga baitulmalin gida, daga ciki kuma ake biyan dogari da malamin asibiti da malamin makaranta. Tsarin yana da nasa zalunci, babu mai musu, amma mutum ya san inda kuɗinsa suka shiga, ya kuma san ƙofar da zai je ya yi kuka.

A 1976 Gwamnatin Tarayya ta yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul, ta mai da su hawa na uku na gwamnati, ta kuma yanka musu kaso daga asusun ƙasa. A shekarar ce aka ƙirƙiro Jihar Barno, Nguru da Gashuwa suna cikinta, har zuwa ran 27 ga Agusta, 1991, da aka fitar da Jihar Yobe. Yanzu Yobe na da ƙananan hukumomi 17 cikin 774 na ƙasar nan, kuma yankin da garuruwan biyu ke yi wa kasuwa da asibiti ya haɗa da Machina da Karasuwa da Yusufari da Jakusko.

Tsarin mulkin 1999 ya zayyana ayyukan ƙaramar hukuma filla-filla: kula da kasuwa da tashar mota da mahauta da maƙabarta, kwashe shara, gina magudanan ruwa da hanyoyin cikin gari, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. Ba ƙananan abubuwa ba ne, domin su ne rayuwar yau da kullum. Amma wannan tsarin mulki ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Kasonsu daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari, sai dai a jihohi da yawa na ƙasar nan an daɗe ana kukan cewa abin da ke isa hannun majalisa bai wuce na albashi ba.

RUWAN DA AKE RABAWA DAGA NESA

Babu inda raunin hukuma ta kusa ya fi bayyana kamar a sha'anin ruwa. Tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa akwai fadama mai faɗin gaske. A da, kowace damina kogi kan yi ambaliya ya malale ta, da kaka ya janye. Manomi ya girbe shinkafa, ya shuka wake ko alkama a danshin da aka bari, masunci ya kama kifi, Bafillace ya kawo shanunsa da rani. Ƙasa ɗaya tana ciyar da mutum uku, kowa da lokacinsa.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, dukkansu a Jihar Kano. Ga farin shekarun 1970 da na 1980 da suka zo a tsakani. Ambaliyar damina ta ragu, sa'an nan ruwan da ake saki daga madatsun ya sa hanyoyin ruwa ba sa bushewa da rani kamar da. Wannan ne ya ba ciyawar kacala dama, ta yaɗu ta toshe rafuffuka. Da tsohuwar hanyar kogin Haɗeja ta cushe, sai ruwa mai yawa ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru, ya ci gonaki da wuraren kiwo, alhali waɗansu ƙauyuka na gaba suna neman na ban-ruwa. Cikin kacalar nan sauro ke hayayyafa, nan kuma tsuntsun jan-baki ke kwana, da safe ya faɗa wa gero da shinkafa. Idan aka yi damina mai ƙarfi, kamar a 2012 da 2022, sai ruwa ya shiga gidaje a ƙasar Bade, jama'a su koma makarantu da zama.

Duniya ta san darajar wurin. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona don ganin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kiyaye. A 2006 jihohin da ke shan ruwan kogin suka kafa asusun haɗin gwiwa don gyara shi. Amma mai buɗe ƙofar madatsa yana Kano, hukumarsa ta tarayya ce, shugaban ƙaramar hukuma kuwa ba shi da ta cewa, sai dai rabon tabarma da buhun hatsi bayan ɓarna ta auku. Aikin yanke kacala sau da yawa mutanen ƙauye ne ke yinsa da gayya, da lauje da kwalekwale.

MANYAN GINE-GINE, ƘANANAN BUKATU

Ba za a ce an manta da garuruwan ba. Nguru na da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, wadda marasa lafiya ke zuwa har daga Jigawa da Nijar. Gashuwa na da Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman, a 2013 kuma aka kafa mata Jami'ar Tarayya. Ɗan garin, Sanata Ahmad Lawan, ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023. Amma kowace jami'a da kowane asibiti ƙarin jama'a suke jawowa, ƙarin haya, ƙarin shara, ƙarin bukatar ruwan sha. Gwamnatin sama ta gina ta tafi, kwata da juji kuwa na majalisa ne.

Daɗin daɗawa, ƙasar Bade ta daɗe tana fama da yawan ciwon ƙoda, har Gwamnatin Yobe ta sa masana su binciki musabbabinsa. Kowane irin sakamako bincike ya fitar, tsabtar ruwan sha da gwada hawan jini da ciwon sukari a ɗakin shan magani na unguwa su ne matakin farko, kuma aikin hukuma ta kusa ne.

HUKUNCIN KOTUN ƘOLI

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun majalisu kaɗai doka ta sani, ba kantomomin riƙo ba. Jama'a sun yi murna, ko da yake aiwatarwa ta gamu da jan ƙafa da gardama. To, amma hukunci kaɗai ba ya yashe kwata. Idan kuɗi suka iso Nguru da Gashuwa babu mai tambaya, to an sauya wa ɓarna mazauni ne kawai.

Saboda haka akwai abin da ya rage ga mutanen gari. Ana buga kason kowace ƙaramar hukuma duk wata, ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masunta da manoma da matasa su riƙa nema su karanta. Ya kamata majalisa ta liƙa kasafinta a ƙofar sakatariya, kansila kuma ya zauna da mutanen mazaɓarsa a fili. Kuɗin da ake karɓa a kasuwa da tasha a ba da rasit, a kuma ga aikinsu a wurin da aka karɓe su. Game da ruwa kuwa, wajibi ne majalisun Nguru da Bade da Karasuwa da Jakusko, tare da sarakuna, su yi magana da murya ɗaya, su nemi a riƙa shawara da su kafin a saki ruwa ko a tsare shi.

Jirgi ya raya Nguru, kogi ya raya Gashuwa, amma riƙon gari sai masu gari. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ba talakawa ƙarfin halin tambaya.