MURAR DA TA ƘI WARKEWA

Ƴan'uwa manoma na Madawa, Buza da Keita, ga hunturu ya kama. Daga watan Nuwamba har Maris iska na kwaso ƙura, ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, ga hayaƙin murhu. Mura ta kwana 7 ko 10 takan wuce da kanta. Amma in hancinka ya toshe har sati 12, wato wata 3, majina mai kauri na zuba ko tana gangarawa maƙogwaro, goshi da kumatu sun yi nauyi, ba ka jin ƙanshin miya, to wannan ya wuce mura. Kumburin kogunan hanci ne.

Mine ne kogunan hanci?

Cikin ƙasusuwan fuska akwai ramuka 8, huɗu dama huɗu hagu: a kumatu, a goshi, tsakanin idanu, da can bayan hanci. Kowane na da ƴar ƙofa da ta buɗe cikin hanci. Cikinsu akwai ƙananan gashi da ido ba ya gani, dare da rana suna share majina da ƙura zuwa waje. Mai lambun albasa ya san aikin: in bakin fangali ya cushe, ruwa ya kwanta, sai saiwa ta ruɓe. Haka majina ke kwanciya in ƙofar ta kumbura.

Ƙwayoyin cuta da sojojin jiki

Ko mai lahiya yana da ƙwayoyin cuta cikin hancinsa, ba su yi masa kome. Amma inda majina ta kwanta, waɗansu, kamar wadda likitoci ke kira stafilokok, sai su taru su lulluɓe kansu da yauƙi kamar gansakuka a bakin rijiya. Magani ba ya ratsa yauƙin nan da sauƙi. Jiki kuwa sai ya yi ta aiko sojojinsa na cikin jini. Yaƙi ya ƙi ƙarewa, fatar ciki ta ƙara kumbura, ƙofa ta ƙara rufewa, wani lokaci har tsiro ya fito cikin hanci. Ke nan babban ciwon shi ne kumburin da faɗan ya haddasa. Shi ya sa kafso na ƴan talla ba ya warkar da shi. Ka ɓatar da kuɗin albasarka, ƙwayoyin kuma su saba da maganin har ya daina kashe su.

Abin da za ka yi

1. Tafasa ruwa litir 1, ka sa gishiri garam 9, kusan ƙaramin cokali 2 a shafe. Bari ya huce. Ka wanke hanci da shi safe da marece. Kada ka yi da ɗanyen ruwan tabki ko na rijiya.
2. Rufe hanci da rawani ko ƙyalle wajen sussuka, shiƙa da fesa maganin ƙwari. Mata su yi girki inda hayaƙi ke fita.
3. Bar taba, ta sha da ta shaƙa.
4. Tahi likita. Akwai maganin fesawa a hanci mai rage kumburi, ana yin makonni da shi. In gefe guda ne ke ciwo, majina na wari, a duba haƙoran sama, don ruɓaɓɓen haƙori na kawo shi.

In ido ya kumbura, ko kana ganin abu biyu-biyu, ko zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya sun zo, kada a kwana gida. Lokacin ƙura shi ne lokacin sanƙarau.

Layukan dogon yaro da anka fara dasawa a fadamar Majiya a 1975, da itatuwan da aikin Keita ya dasa tun daga 1984, don tsare ƙasar noma anka yi su. Ƙasar da iska ba ta kwasa ba, ba ta shiga hancinka. Mu kiyaye su.

Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lahiya.