Rumbu: Cewa "ƙaddara ce" ba ya soke diyyar wanda mota ta buge

A ƙauyukan Rumbu da ke gundumar Dakoro, idan motar kasuwa ta buge mutum, sau da yawa dattawa kan sasanta, a ce ƙaddara ce, kuɗin asibiti ya dawo kan iyali.

Sai dai dokar CIMA, yarjejeniyar inshorar da Nijar ta shiga a 1992, ta wajabta inshora kan kowace mota. Fasinja ko mai tafiya a ƙasa yana da haƙƙin diyya ko da ya yi sakaci, sai in da gangan ya jawo wa kansa.

Hujjar ita ce rahoton jandarma da takardar likita. Bayan shekara 5, damar kai ƙara ta wuce. Ɗan ci-ranin da zai turo kuɗin magani, ya fara tambaya: an kira jandarma?