Hanyar Balma: Dausayin da Gishirinsa Ya Riga Labarinsa Zuwa Gare Mu

Duk makiyayin da ya taɓa ajiye wa shanunsa kantu ya san Balma, ko da bai taɓa wuce Damagaram ba. Gishirin ya daɗe yana zuwa kasuwanninmu har sunan garin ya zama sunan haja. Garin kuwa, wanda ake rubutawa Bilma a taswira, dausayi ne a arewa maso gabashin Nijar, a gindin dutsen Kawar. Tsakaninsa da Agadas akwai fiye da kilomita 500, kuma mafi yawan wannan tazara Tenere ce, hamadar da sunanta a harshen Buzaye yake nufin fili wanda babu kowa.

Baƙi daga Turai tuddan rairayi ne ke kawo su. Akwai na Temet, kusa da dutsen Girebun, waɗanda tsayinsu ya kai mita 300, akwai kuma Arakaw inda duwatsu suka yi wa yashi zobe. Sun cancanci a yi tattaki a gani. Da hantsi iska na zana rairayin kamar aska ta bi ta kai, da almuru kuma ya rine ya yi ja. Amma ni a ganina wanda ya tsaya a hoto ya bar rabin abin a baya, domin wannan yashi hanyar neman abinci ce.

Kowace kaka, wajen watan Oktoba, Azbinawa kan ɗaura ayari. Raƙumi na bin raƙumi, akala ɗaure da akala, an labta musu gero da harawar da za su ci, don gaba babu ko tsinke. Madugu na gaba, yana karanta taurari da kwanciyar yashi. Ana tashi tun da asuba, ba a sauke kaya sai dare ya yi nisa, fura da shayi ma a kan tafiya ake shan su. Kuskuren rijiya ɗaya na iya cinye ayari duka, shi ya sa ba a gardama da madugu.

A kan wannan hanya itacen Tenere ya tsaya, wata ƙaya tilo da ake cewa babu wata bishiya kusa da ita sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Fatake ba su taɓa karya reshenta don hura wuta ba. A 1973 wata babbar mota ta kaɓe ta. Gangar jikinta na gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Bayan ta sai Fashi, zangon farko mai ruwa da dabino, mai tsohuwar ganuwa da gidajen da aka gina da ƙasar gishiri. Daga nan sai Balma. Wanda ya yi kwanaki idonsa bai ga kore ba, idan ya hango kan dabinai, shi kaɗai ya san abin da ƙirjinsa ke ji. A Kalala, bakin garin, Barebari da Tubawa na haƙa ramuka, ruwan gishiri ya tsatso, rana ta ƙafar da shi. Mai tsabtar shi ne beza, na miya. Sauran a kwaɓa, a zuba a ƙwaryar kututturen dabino, ya fito kantu, na dabbobi. Dausayin ba ya noma hatsin da zai ci, don haka geron kudu ne ke riƙe da shi. Ayarin da ya koma Azbin kan huta, sannan ya gangara Damargu da ƙasar Hausa ya sayar da gishiri ya auni gero. Irin wannan ayari Bajamushe Heinrich Barth ya biyo bayan ya ziyarci Agadas a 1850, kafin ya shiga Kano a 1851.

An yi zamanin da yawon buɗe ido ya zama gishiri na biyu. Jirage na sauka Agadas daga Faransa, tseren motocin Faris zuwa Dakar na ratsa Tenere, matasa na samun aikin jagora da tuƙi da girki, maƙeran azurfa na ciniki. Hukumar UNESCO ta sa Azbin da Tenere cikin wuraren gadon duniya a 1991, ta ƙara da tsohon birnin Agadas a 2013, da masallacinsa mai hasumiyar ƙasa ta mita 27. Tawayen shekarun 1990 da na 2007, sannan sace baƙi, suka tsinke wannan igiya. Da yawa daga direbobin da suka san kowace rijiya sun koma jigilar masu ƙetarawa Libiya, wasu suka bi zinariyar da ta ɓulla a Jado a 2014.

Abin da ke damuna shi ne mu da muke maƙwabta ba mu cike gurbin ba, alhali Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a Agadas. Yau hanyar Balma sai da izinin hukuma da rakiya, da motoci masu ƙarfi fiye da ɗaya, kuma a lokacin sanyi, lokacin da dare ke sa mutum neman bargo biyu. Wanda hakan ta yi wa nisa yana iya farawa da Timiya, cikin duwatsun Azbin, inda raƙumi ke jan guga daga rijiya, ruwan ya bi lambatu ya shayar da lemu da rumman.