Wasiƙa ta iso, firinta ta yi gum

Ran nan a Maraɗi mun iske wani ɗan kasuwa tsaye a shagon buga takardu, gumi na zuba. Motarsa ta kaya tana jira a Ɗan Isa, abokin huldarsa na Katsina ya aiko rasit ta imel, ƴan duwan kuma takarda suke son gani a hannu. Yaron shago ya danna bugawa sau biyar a cikin Outlook, firinta ko motsi. Har an fara maganar kiran mai gyara.

Firintar kuwa lafiyarta lau. Kwamfuta tana da firinta guda da ta riƙe a matsayin ta dindindin, can take tura aiki in ba a ce mata komai ba, kuma ita Outlook ke bi. In aka yi wa takardar da aka liƙo a wasiƙa bugun gaggawa, ba ya ma tambaya. Tun watan Nuwamba na 2015 Windows 10 ya zo da wani tsari, yana nan kuma a Windows 11: firintar da aka yi aiki da ita a ƙarshe ita ke zama ta dindindin. To a shagon nan wani ya zaɓi Microsoft Print to PDF da safe, wadda ba ta fidda takarda, fayil kawai take ajiyewa. Shi ke nan fa.

Maganin bai kai minti biyu ba. A shiga saitin kwamfuta, sashen firintoci, a kashe layin da ke bai wa Windows ikon zaɓe. A kwamfutocinmu masu Faransanci yana farawa da «Laisser Windows gérer». Sai a taɓa sunan firintar gaske a mai da ita ta dindindin, a rufe Outlook a sake buɗewa.

Amma a duba sunan da kyau. Yaran shago suna yawan cire wayar USB su soka a wani rami, sai kwamfuta ta ƙirƙiro firinta ta biyu mai suna iri ɗaya, da «Copie 1» a ƙarshe. Tsohuwar ta mutu, aiki kuwa can yake taruwa. A goge abin da ya taru kafin a gyara, in ba haka ba rasit biyar za su iya fitowa, tawada kuma da tsada.

Masu Thunderbird nasu daban ne, shi yana tuna firintar da ya yi aiki da ita da kansa, sai an zaɓa masa sabuwar a wurin bugawa.

Akwai kuma batun girman takarda. Kwamfutocin gwanjo da suka fito Amurka suna zuwa da awon can, santimita 27,9 a tsaye, mu kuwa A4 muke saye, mai santimita 29,7. In ba a daidaita ba, wata firintar tsayawa take tana jiran takardar da babu ita a kasuwarmu.

Alhajin dai ya karɓi rasit ɗinsa kafin la'asar, ya nufi tashar Ɗan Isa.