Ƙiba a Unguwannin Hausawan Legas: Abin da Ke Jawo Ta da Abin da Ke Kare Ta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ƙiba mai yawa, wadda ke buɗe ƙofa ga ciwon suga da hawan jini.

A unguwanni irin su Agege da Ajegunle, al'ada na da hannu a lamarin. Har yanzu wasu na kallon tumbi a matsayin alamar wadata, wasu matan kuma na shan magungunan "sha ka fashe" gabanin aure. Zaman shago tun safe har dare, cunkoson motoci, da dogaro da burodi, shayi mai suga da lemon kwalba na ƙara ta'azzara matsalar.

Sai dai al'adar na ɗauke da kariya. Tuwon dawa, gero, wake da zogale na ƙosarwa ba tare da yawan maiƙo ba. Tattaki zuwa masallaci da kasuwa kuma na taimakawa wajen cika minti 150 na motsa jiki da hukumar ta ba manya shawarar yi kowane mako.