Abin da ke ɓoye cikin amon goge

In mai goge da mai algaita suka tsaya kan murya guda, kunne ba ya rikita su. Ko makaho ya san wanga goge ne, wancan algaita ce. Mi ya kawo haka?

Sauti girgizar iska ne. In aka goga tsirkiya, sai ta riƙa kai da komowa, tana tura iska har cikin kunne. Ana ƙidaya kai da komowar nan cikin daƙiƙa guda da ma'aunin da ake kira hertz. In girgiza ta yi sauri, murya ta yi siriri. In ta yi jinkiri, murya ta yi kauri. Kunnen yaro mai lafiya yana jin daga hertz 20 zuwa wajen 20.000.

Amma tsirkiya ba girgiza guda take yi ba. Tana kaɗawa da tsawonta duka, kuma a lokaci guda rabi-rabinta na kaɗawa, haka kashi uku, haka kashi huɗu. In uwar murya ta kai hertz 220, ƴaƴanta suna kan 440, da 660, da 880, har gaba. Kowace ɗaya tsantsar amo ce mai tafiya sumul kamar lilo. Haɗuwarsu ita ce amon goge.

Wani masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, shi ya kafa ilimin wannan al'amari. Yana binciken yadda zafi ke ratsa abubuwa ne, ya bayyana cikin littafinsa na 1822 cewa girgizar da ke maimaita kanta ana iya warware ta zuwa irin waɗannan tsantsar girgiza. A 1863 Bajamushe Hermann Helmholtz ya nuna cewa ƙarfin ƴaƴan murya shi ke bambanta kayan kiɗa. Sarewa ƴaƴanta kaɗan ne, shi ya sa amonta ke da laushi. Algaita kuwa ƴaƴanta na sama suna da yawa da ƙarfi, shi ya sa take ratsa taron hawan salla. In aka zana ƙarfin kowace murya kan takarda, sai a ga kowane abin kiɗa da nasa zane, kamar yadda bakan gizo ke baje launukan hasken rana.

Kunne ma irin aikin nan yake yi. Can ciki akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, shimfiɗe da dubban ƙananan gasu. Na bakin ƙofa suna karɓar siraran muryoyi, na ƙurya suna karɓar masu kauri. Ƙara mai tsanani da tsufa sukan fara lalata masu karɓar siraran muryoyi, kuma in sun mutu ba su sake tsirowa. Daga nan mutum yana jin ana magana, amma haruffa irin su "s" da "sh" sun ɓace masa, goge kuma ya rasa zaƙinsa.

Saboda haka masu injin niƙa, da maƙera, da masu zama gindin lasifika wurin biki, ya kamata su toshe kunne ko su ja da baya. Shugabannin ma'aikatu kuma su tanadar wa ma'aikatansu abin kare kunne. Wanda ya fara jin ƙugi cikin kunnensa bayan aiki, ya je likita tun da wuri.