Kafin A Yi Addu'ar Tafiya, A Duba Taya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san yadda motoci ke tashi daga Bici da kaka, maƙare da buhunan gero da dawa, sun nufi kasuwar Dawanau. A wannan hanya ce motocin ikilisiyoyinmu ke ɗaukar 'yan Zumuntar Mata da mawaƙa zuwa taro. Kafin a tashi mukan sunkuyar da kai mu yi addu'a, amma mutum nawa ne ke sunkuyawa ya dubi taya?

Zanen nan da ke jikin taya ba ado ba ne. Shi ke korar ruwa daga ƙarƙashinta da damina, domin ta kama kwalta. In ya cinye, direba zai taka birki, mota ta yi ta sulɓewa. A ƙasashe da dama doka ba ta yarda zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ba. Masu ƙera taya sun sa 'yan ƙananan tuddai a cikin kwarin zanen. Ranar da fuskar taya ta zo daidai da su, aikinta ya ƙare.

Yadda ta ci ma labari ne. In tsakiya ce ta fi cinyewa, iska ta yi yawa. In gefe biyu ne, iska ta yi kaɗan, ko kaya sun fi ƙarfinta. In gefe ɗaya ne kawai, ƙafar motar ta karkace, sai a kai wa makaniki. Wadda ta yi ƙulu ko ta tsattsage kuwa, faci ba zai cece ta ba.

Taya kuma tana tsufa ko ba a more ta ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya bi baya a Legas a 2008, 'yan Kwatano suka ƙara samun kasuwa, ko da yake gwamnati ta hana shigo da tsofaffin tayoyi. A nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT. Idan an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019 ke nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, takan gargaɗi direbobi su guji wadda ta haura shekara 4. Tsohuwar roba, ga lodi, ga zafin bazara, ita ce ke fashewa ana cikin gudu.

Saboda haka, 'yan'uwa, dattawan ikilisiya su sa kuɗin taya cikin kasafin shekara. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Araha ba ta ado, balle wadda za ta mai da yara marayu. Rayukan da ke cikin motar nan amana ce a hannunmu. Ubangiji ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.